Sa Hannu Mai Wutsiya

Daga Gyadi-Gyadi har a dangana da Darmanawa, ban taɓa ganin mutumin da ya kai ni sanin inda kasuwar hannun jari ta dosa ba. Ba yau na fara faɗa ba, kuma ba zan fasa ba. Ni ne mutumin da zai kurɓi shayi da safe, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce yau za ta hau, ta kuwa hau kamar ni na aike ta. Da manyan masu kuɗin duniya sun san da zamana a lokacin, da jirgi suka turo har ƙofar shagona. Wannan shi nake gaya wa mutane a majalisa. Abin da ba na gaya musu shi ne yadda aka yi mai wannan baiwar ya wayi gari ba shi da shago. Shi zan rubuta yau, da ɓacin raina, don har gobe in na tuna sai na ji kunnena ya ɗau zafi.

Sana'ata gyaran rediyo da talabijin. Shagona yana Gyadi-Gyadi, ɗan tsukuku ne, in ka buɗe hannuwanka sai ka taɓa bango da bango. Mu biyu ne a ciki, ni da abokin aikina, wani Kirista mutumin Filato da nake ce wa Ɗan Dutse. Shi kuma Maigida yake ce mini, ko da yake shekara biyar kacal na ba shi. Shekara goma sha takwas muka yi a kan benci ɗaya. Ran Juma'a shi ke tsaron shago in tafi masallaci, ran Lahadi ni ke tsaro ya tafi coci. Mutum ne da in ya yi magana goma a wuni to an yi surutu. Ni ke jawo mutane da baki, shi ke sallamarsu da hannu. Wannan gaskiyar sai yanzu da na girma nake iya rubuta ta.

Da sojoji suka koma bariki aka shiga mulkin farar hula, abu biyu suka shigo mana gari ɗaya bayan ɗaya. Na farko wayar salula. Na biyu tallar hannun jari. Na farkon ya kashe mini sana'a, na biyun ya zo ya yi mata sutura.

Bari in yi wa wanda bai taɓa buɗe bayan rediyo ba bayani. Rediyon zamanin da, in ka kwance shi, gari ne guda ka shiga, da tituna da unguwanni. Ga transisto nan tsaye da ƙafafunsa uku kamar murhu. In ya ƙone za ka gani da idonka, ni kuwa da hanci nake ganewa tun mai kaya bai gama sallama ba. Ka ɗauki ƙarfen narka dalma, ka cire, ka sa wani, Allah ya ba da sa'a, a biya ka. Kayan zamani kuwa, ka buɗe ka ga me? Wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai kai farcen ɗan yatsa ba, wai shi ayisi. An tattara garin nan gaba ɗaya an cusa a cikinsa an rufe ƙofa. Ba ya wari, ba ya hayaƙi, ba ya gaya maka ciwonsa. Na waya ma don rainin wayo ƙafafunsa a ƙarƙashin cikinsa suke, ba inda bakin ƙarfe zai taɓa. Wanda duk ya ƙirƙiro wannan abu, na rantse bai taɓa ciyar da iyali da gyara ba.

Aiki ya fara ja da baya. Sabon rediyo ya yi araha har ya zama kuɗin gyara ya fi kuɗin saye. Mutane suka koma leƙo mu da waya a hannu suna tambaya, "Kuna gyaran wannan?" Ni kuma in kora su da wa'azi, in ce abin wasan yara ne, shekara biyu zai yi a daina yayinsa.

Rannan muna cin rogo da ƙuli da rana, Ɗan Dutse ya ce, "Maigida, mu sayi bulowa."

"Mu sayi me?"

"Injin da ke hura iska mai zafi. Da shi ake ɗaga ayisi daga kan fanel, wato allon cikin waya. Da shi, da madubin ƙara girma, da 'yar kwamfuta. Akwai mai koyarwa a kasuwar waya ta Tarauni, wata uku. In je in koyo, in dawo in koya maka."

"Ka koya mini? Ni? Ɗan Dutse, yaushe ka fara shan abin da coci ta hana?"

"Kuɗin adashen shago ya isa," ya ce, ya ci gaba da cin rogonsa.

Gaskiya ne akwai kuɗin. Shekara uku muna zubin adashe da sunan shago, mun kwasa, yana ajiye. Amma a lokacin bankuna sun cika gari da talla. Rediyo talla, bango talla, jarida talla: sayi hannun jari ka zama mai banki. Na ga wani maƙwabcinmu mai sayar da fenti ya saya, kafin shekara ta zagayo ya canza babur. Sai na ce wa Ɗan Dutse ya kwantar da hankalinsa. Mu sa kuɗin nan a jari, ya haihu, ya yi jikoki, sannan mu sayi bulowa biyu, tawa da tasa, har da ta uku ta hura mana shayi.

Ya ce, "Takarda ba ta gyara waya, Maigida." Amma bai hana ni ba. Ni ne babba.

To ga inda na yanka kaina da hannuna.

Na sa babbar rigata ta Sallah na tafi banki. Aka ba ni fom, na tsaya a kan kanta ina cikewa. Ni dai tun da nake, sa hannuna sunana ne kawai nake rubutawa, harafi bayan harafi, kamar ɗan aji uku. Da shi na yi aure, da shi na kama hayar shago. Ina shirin yin haka sai ga wani Alhaji a gefena, ƙamshin turarensa kaɗai ya isa jari. Ya zaro biro mai ruwan zinare, ya karkata wuyan hannu, ya yi wani fyaɗe a kan takarda, shuuu, kamar an saki maciji a kan tabarma. Yarinyar da ke karɓar fom har da ɗan rusunawa. Na dubi nawa fom ɗin. Na ce a raina, yau ni ma mai banki ne, kuma mai banki ba ya rubuta sunansa kamar mai karɓar maganin tari a asibiti.

Na ja numfashi. Na yi wani zagaye, na hau sama, na gangaro, na ratsa ta tsakiya, na ƙare da wata doguwar wutsiya da ta kusa fita daga takardar. Na ɗiga ɗigo, ban tuna ko biyu ko uku ba. Wallahi ya yi kyau. Alhajin kansa sai da ya saci kallo. Na miƙa fom na fito ina taku ɗai-ɗai, ban ajiye kwafi ba, ban sake tunawa da shi ba.

Bayan watanni satifiket ya zo. Na sa aka yi masa firam na rataye shi a shago, saman inda Ɗan Dutse ke zama, don ya riƙa ganin arzikinsa yana kallonsa.

Daga nan na zama malami. Kullum da safe in sayi jarida, in buɗe shafin farashi a teburin mai shayi, direbobin bas da 'yan acaɓa su kewaye ni. "Malam, yau ina ta nufa?" In lumshe ido in ce sama. Ta hau. Gobe in ce sama. Ta hau. Yanzu na gane a shekarun nan ko akuya ka tambaya ta ɗaga kai, ta yi daidai. Amma a lokacin ji nake ni ke riƙe da linzaminta. Wani ɗan acaɓa daga Unguwar Gano har goro ya riƙa kawo mini.

Shi kuwa Ɗan Dutse yana zaune a ƙarƙashin firam, wani lokaci tun safe har la'asar ba wanda ya kawo ko fitilar hannu. Ya samo matattun wayoyi guda biyu yana kwance su yana mayarwa, yana kallon ayisi da gilashin tsohuwar kyamara. Da damina ta ja baya sai ya ce mini, "Maigida, yarana uku suna makaranta. Zan je gida Kirsimeti. In na dawo, ko bulowa tana kan bencin nan, ko ni ba na kansa."

Bai ɗaga murya ba. Shi ya sa na san da gaske yake.

Kuma a nan ina so a yi mini adalci, don wannan ba cika baki ba ne: na hango faɗuwar kasuwar nan. Hancin da ke jin transisto kafin ya ƙone shi ya jiyo mini. Ma'aikatan bankin da a da sai ka yi layi ka gan su, sai ga su suna yawo a ƙafa cikin rana, suna bin mutane shago-shago. Wata ta tsaya a kaina ina alwala, tana jira in idar ta ba ni fom, har tana cewa in ba ni da kuɗi za su ranta mini in sayi nasu. Na ce a'a, wannan abu ya ɗau zafi, ƙauri yake. Washegari na sauke firam, na zare satifiket, na nufi ofishin dillalin hannun jari. Saura wata uku Kirsimeti. A farashin ranar, da bulowa uku ɗin da na yi alkawari da ta huɗu duk sun samu.

Dillalin wani ɗan gaye ne mai ɗaure wuya da igiya cikin zafin Kano. Ya ce ba a sayarwa haka nan, sai an aika satifiket Legas wurin masu rajista su tantance. Ya turo mini fom ya ce in sa hannu. Na rubuta sunana, harafi bayan harafi. Ya ce in dawo bayan sati shida.

Na dawo. Ya zaro takardata daga ambulan, an buga mata jan hatimi.

"Alhaji, sun ce sa hannu bai dace ba."

"Bai dace da me ba?"

"Da wanda ka yi ranar da ka saya."

Nan take na tuna. Wutsiyar nan ta faɗo mini a rai kamar an jefe ni da bulo.

Na ce to a nuna mini na farkon in kwaikwaya. Ya yi dariya, dariyar da har yau ban yafe ba. "Haba Alhaji, in ana nunawa ai ɓarawo ma sai ya kwaikwaya."

"Ni ne ɓarawon? Kuɗina, sunana, fuskata, ga ni tsaye a gabanka da raina!"

"Ba fuska suke dubawa ba, Alhaji."

Ku ji fa. Ranar da za su karɓi kuɗina, ba wanda ya ce in kawo ko katin makaranta. Da kyanwa ce ta taka fom ɗin da sun karɓa sun yi mata godiya. Ranar da zan karɓi nawa kuwa, sai na zama baƙon da ba a taɓa gani ba.

Na koma gida na fara atisaye. Na cika littafin rubutun 'yata. Na cika bayan kalanda. Na cika kwalin talabijin guda, ciki da waje. Wutsiya sama, wutsiya ƙasa, ɗigo biyu, ɗigo uku. Maiɗakina ta leƙo ta ga tsakar ɗaki ta ce, "Malam, in rubutun sha ne ka faɗa a kawo ƙwarya." Ban kula ta ba. Na zaɓi wanda ya fi kama da abin da zuciyata ke tunawa, na kai. Sati shida. Jan hatimi.

Kirsimeti ta zo ta wuce. Ɗan Dutse ya dawo daga gida da buhun dankali, ya ajiye mini rabi, ya dubi benci, ya dubi ƙusar da firam yake a da. Na kwashe labari na gaya masa, ban rage ba, har Alhaji mai turare. Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi da na ji sauƙi, don na tanadi amsa. Sai ya ce, "Na ƙara maka zuwa Ista."

Aka ce in kawo shaidar banki. Na kawo. Aka ce in yi rantsuwa a kotu cewa ni ne ni. Na je na rantse ni ne ni, na biya kuɗi a kan haka. Aka ce hoto. Na ɗauki hoton da ya fi na ranar aurena yawa. Da na ga kwana yana ƙarewa sai na hau mota da kaina har Legas, ni da ban taɓa wuce Kaduna ba.

Ofishin yana hawa na biyu, layin kuwa ya sauko har titi. Tsofaffin ma'aikata, zawarawa da takardun mazajensu da suka rasu, wani dattijo da hannunsa ke rawa saboda ciwo, an ce masa shi ma sa hannunsa ya canza. Ya ce da su yaya ba zai canza ba, shi kansa ai ya canza. Ba wanda ya saurare shi. Da layi ya zo kaina, wata yarinya mai tabarau ta ba ni farar takarda ta ce in sa hannu sau uku. Ta juya allon kwamfutarta yadda ba zan gani ba. Amma ni mai gyara ne, idona ya saba da ƙananan abu. Na hango shi a cikin gilashin tabaraunta, ɗan mitsitsi, a juye, da wutsiyarsa. Sa hannuna! Na matsa ina leƙen idonta, ta ja baya, na ƙara matsawa, ta kira mai gadi. Kafin a fitar da ni ta dubi takardata ta ce da Turanci wai na biyun ya kusa.

Ya kusa! Kwana biyu a mota, ƙafa a kumbure, a ce mini na kusa zama ni.

Sai da takardun kotu da na banki suka gama zagayensu aka yarda a canza mini sa hannu. Kafin nan Ista ta wuce, kuma abin da hancina ya jiyo ya auku. Kasuwa ta juyo. Kullum in buɗe jarida in ga ta sauka, gobe ta ƙara sauka. Ranar da dillali ya kira ni ya ce an tantance, na je da gudu na ce a sayar yanzu-yanzu. Ya sassauta igiyar wuyansa ya ce, "Alhaji, kowa sayarwa yake. Wa zai saya?" Na daina zuwa teburin mai shayi ta gaba, na koma zagayawa ta lungu. Ɗan acaɓan Unguwar Gano in ya hango ni sai ya ƙara wuta.

Ɗan Dutse bai yi mini gori ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ranar Talata bayan Ista ya zo da wuri, ya share shago kamar kullum, ya naɗe wayoyin mitarsa ta gwajin wuta, ya ɗauki kujerarsa ta katako.

Na ce, "Yanzu tafiya za ka yi ka bar ni? Shekara goma sha takwas?"

"Na gaya maka tun da damina, Maigida."

"Ai na hango faɗuwar! Kai shaida ne, na hango ta!"

"Ka hango," ya ce. Ya ɗaura kujerar a bayan babur ya tafi.

Daga baya na ji ya sayar da babur ɗin, matarsa malamar makaranta ta cika masa, ya sayi bulowa ta hannu, ya kafa tebur da lema a kasuwar waya ta Tarauni.

Ni kuwa na zauna da tsofaffin talabijin ina jiran zamani ya gane kuskurensa ya dawo. Bai dawo ba. 'Yan kayan da ake kawowa ma sai na gano rabinsu ba na iya gamawa, don ashe shekara da shekaru ni ke jin ƙauri, shi ke gano inda ya fito. Da shekara ta ƙare Hajiya mai shagon ta aiko a gaya mini, cikin mutunci, cewa akwai mai sayar da katin waya da ke son wurin. Na kwashe komatsaina a cikin a-daidaita-sahu ɗaya. Shekara ashirin da wani abu, a-daidaita ɗaya, har da wurin zamana.

Na yi wata huɗu a gida ina zagin Legas, da dillali, da Alhaji mai turare, da wanda ya ƙirƙiro ayisi. Maiɗakina ta saurara har ta gaji. Rannan ta ajiye mini abinci ta ce, "Duk ka zage su, Malam. Saura zuwa Tarauni."

Na je. Na same shi ba a lema ba, ya samu shago, ya fi namu na da faɗi. Yana sunkuye a kan madubi, bulowa tana huci a hannunsa, ya kama wani ayisi da ɗan hantsaki ya ɗaga shi a hankali kamar mai cire ƙaya daga idon jariri. Mutane biyar suna jira. Na tsaya har ya gama. Raina yana tafasa, ban san da wa ba.

Ya ɗago. "Maigida! Sannu da zuwa." Ya miƙe ya ba ni kujerar katakon nan.

Na yi gyaran murya. Na ce na zo ne in duba yadda yake tafiyar da aiki, don na lura harkar waya tana da gaba, dama tun farko na faɗa. Kuma in akwai wuri a gefen benci, ba zan ƙi in riƙa sa masa ido ba, in ya so ya ɗan nuna mini yadda ake riƙe wannan abin hura iskar, don kawai in tuna.

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce wuri akwai. Amma dokar ƙungiyar kasuwar ce, duk sabon mai koyo sai ya cike fom, wanda zai koya masa ya tsaya masa. Ya jawo durowa ya ciro fom ɗin. Na karanta. A sama an rubuta sunan mai koyo. Ni, da furfurata.

Na haɗiye girman kaina. Na cike. Da na zo layin ƙarshe na gyara zama, na karkata wuyan hannu, na ce, "Ka san dai, Ɗan Dutse, duk abin da ya faru, a garin nan ba wanda ya riga ni ganin inda kasuwa ta nufa."

Ya miƙo hannu ya zare biron daga yatsuna, ya turo mini ɗan akwatin tawada.

"Haka ne, Maigida," ya ce. "Kawo babban yatsa ka dangwala kawai."